Irin Masarar da Kuve Ta Sayo

Hannuwan leburorin sun yi ja har gwiwar hannu. Sun shimfiɗa tampol a tsakar siton, sun zazzage masara a kai, ɗaya yana yayyafa ruwan jan kala daga bokiti, sauran suna cuɗawa da shebur da tafin hannu. A gefe an jera sababbin ƙananan buhuna farare, an buga wa kowanne hoton goyon masara da rubutun da ke cewa ingantaccen iri ne mai magani.

Jemimah Hosea ta tsaya a bakin ƙofa da fayil a hammata. Ba a yi tsammaninta ranar ba. An yi da ita sai Laraba za ta zo duba kaya, amma direban ofis ya ce zai bi ta bayan kasuwar Jimeta, sai ta ce ya sauke ta ta karɓi wata takarda.

Shekararta ta uku ke nan tana mataimakiyar jami'in sayayya a wata ƙungiyar agaji. Kafin wannan kuma a gidan manomi ta tashi. Ta sunkuya ta ɗebi masarar da ba a kai ga rinawa ba. Masarar ci ce, ba ta shuka ba, kuma ta daɗe a ajiye. Ta murza ƙwaya ɗaya da babban yatsa, ta fashe ta zama gari. Ƙwaro ya riga ya cinye cikinta.

"Madam Jemimah! Jabbama, jabbama!"

Alhaji Bakari ne, ɗan kwangilar da aka ba aikin kawo irin shuka na 'yan gudun hijira. Ya fito daga ɗan ofishinsa yana gyara hula, bai ko kalli leburorin ba, bai kuma ce su dakata ba.

"Alhaji, wannan ba shi ne samfurin da ka kawo mana ba."

"Samfur daban, kaya daban, 'yata. Ai ke ma kin fara daɗewa a aikin." Ya jawo mata kujerar roba, ba ta zauna ba. "Masu iri sun ce sai nan da wata biyu. Ke kin taɓa ganin ruwan sama ya jira wata biyu? Masara ai masara ce. In Allah Ya ce ta fito, za ta fito."

"Oga Albert ya san da wannan?"

Alhaji Bakari ya yi dariya, ya miƙa mata takardar da ta zo karɓa.

"In kin koma ki gaishe shi da kyau."

*

Oga Albert shi ne jami'in sayayya, shi ya ɗauke ta aiki tun tana ɗaukar masa fayil daga tebur zuwa tebur. Shi ya koya mata yadda ake neman farashi daga wuri uku, yadda ake kwatanta su, da yadda ake kiran ɗan kasuwa a rage masa kuɗi ba tare da an ci mutuncinsa ba. Ya saurare ta har ta gama, yana juya cokali a kofin shayi.

"An yi gwajin tsiro ko ba a yi ba?" ya tambaya.

"An yi, Oga. Amma a kan samfur."

"Ya tsiro?"

"Kusan duka."

"Kin ɗauki hoto?"

"Na ɗauka."

"To, ka'ida ta ce a gwada samfur. Kin gwada. Me ya rage?"

Ta dubi waje. Ta tagar ofishin ana hango faranti biyu da ta ajiye a inuwa makonni biyu da suka wuce, tsiron masara kore shar ya cika su. Wancan irin gaske ne. Alhaji Bakari ya sayo mudu ɗaya tak na gaske, don faranti biyun nan.

"Bari in faɗa miki abin da zai faru in kin ƙi sa hannu," in ji Oga Albert, murya ƙasa-ƙasa, kamar malami da ɗaliba. "Za a soke kwangilar. Kafin a sake wata damina ta yi nisa. Masu ba da kuɗin za su janye abinsu, su aiko masu bincike. Ba iri, ba aiki. Direbobi, masu gadi, masu shara, kowa ya koma gida. Yanzu kuwa ko rabi ne zai fito. Rabi ya fi babu, ko ba haka ba?"

"Ba zai kai rabi ba, Oga."

"Ke annabiya ce?" Ya kurɓi shayi. "Ni ban ce ki karɓi ko sisi daga hannun kowa ba. Ban taɓa ce miki haka ba. A watan Tara zan koma ofishin Maiduguri, kujerar nan za ta zama babu kowa. Na riga na faɗa musu wadda nake so ta hau. Kin ci jarrabawar ƙwararru kashi na farko, saura na biyu. Ki yi tunani, ƙanwata. Ba kowace rana ake samun 'yar sansanin gudun hijira ta zama jami'a ba."

Ranar Laraba ta koma siton tare da shi. Buhunan suna jere, an ɗinke bakinsu tsaf. Ta ƙirga, sun cika. Ta sa hannu a inda aka rubuta cewa kaya sun dace da samfur.

Ta saci ɗan dunƙulen masarar a aljihun jakarta. A ɗakin da take haya a Luggere ta jera ƙwayoyin a jiƙaƙƙen tsumma, ta tura farantin ƙarƙashin gado. Bayan mako guda ta jawo shi. 'Yan tsiraru ne suka fasa, sirara, masu kama da zare. Sauran sun yi funfuna, jan kalar ya zuba ya ɓata tsumman. A lokacin motocin sun riga sun gama rabo a Malkohi, inda iyayenta suke zaune, da wasu ƙauyuka shida.

Abu ɗaya ta riƙe a ranta, shi ya bar ta ta yi barci a kwanakin nan: mahaifinta ba ya shuka irin agaji.

Kowa a Malkohi ya san da wannan. Ranar da mayaƙa suka shiga Michika a shekarar 2014, Baba Hosea ya bar shanu biyu da rumbu cike, amma ya tsaya ya ɗura masarar shuka a cikin safa, ya ɗaura a ƙugu. Da ita ya hau duwatsu, da matarsa da 'ya'ya, har suka iso Yola. Da aka rufe zancen komawa gida, ya karɓi hayar gona a bayan Malkohi ya shuka abin da ke cikin safar. Duk shekara yana ware goyo mafi kyau ya rataye a saman murhu, hayaƙi yana bugunsu har damina ta zagayo. Ƙungiyoyi sun sha kawo iri, yana karɓa ya yi godiya, ya ba maƙwabta. Yakan ce bai san uwar wannan iri ba, bai san ubansa ba.

*

Ruwa ya sauka da wuri a wannan shekara. Jemimah ta yi niyyar zuwa Malkohi ranar Asabar, aka kira taro a ofis. Sai Lahadi bayan coci ta hau Keke, ta sauka a bakin hanya, ta ƙarasa da ƙafa cikin laka.

Mahaifiyarta, Mama Keturah, ta shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa. Tuwon fari ne sol, yana da wani ɗan ƙamshin hayaƙi. Jemimah ta ci loma uku kafin ta yi magana.

"Mama, wannan garin a ina kika saya? Ya yi daɗi."

"Saya kuma? Irin babanki ne. Ya ce a sauke a niƙa."

Jemimah ta tsaya da lomar a hannu. Ta leƙa madafa. Igiyoyin suna nan a rataye saman murhu, baƙaƙe da hayaƙi, babu komai a jikinsu.

"Duka?"

"Duka mana. Abinci ya ƙare tun watan jiya, kin sani. Da can ko za mu kwana da yunwa ba ya bari a taɓa. Wannan karon ya ce me za a yi da shi, tunda ga na zamani ya zo."

"Kuve! Yaushe kika iso?"

Baba Hosea ne ya shigo da fartanya a kafaɗa. Shi kaɗai yake kiranta da wannan suna, sunan da mutanen Michika ke ba 'yar fari. Ya wanke hannu, ya zauna a kan turmi, fuskarsa a sake irin yadda ta daɗe ba ta gani ba.

"Na gama shuka tun Juma'a," in ji shi. "Gonar duka, har gefen kwari. Da suka zo rabo na tambayi yaron da ke kiran suna, na ce wa ya sayo wannan? Ya ce Madam Jemimah ce ta duba ta sa hannu. Na ce to, yanzu na san uwarsa."

Mama Keturah ta yi dariya. "Ai bai bar kowa ya huta ba. Gida-gida ya bi."

"Dole in bi. Mutanen nan an sha cutarsu, sun saba haɗa rabi da rabi, nasu da na agaji. Na ce musu bana ba haɗi. Na ce 'yata ce, ta yi karatun abin, takarda gare ta. Ko Huseina da ke da taurin kai ta ji maganata." Ya dubi kwanon da ke gabanta. "Ci mana. Ko tuwon ƙauye ya daina shiga?"

Maganar tana bakinta. Ta lissafa yadda za ta fara. Ta ga fuskarsa yadda za ta koma, ta ga Oga Albert, ta ga kujerar watan Tara. Ta ce a ranta an riga an shuka, faɗa yanzu ba zai tono shi ba. Ta ce wataƙila buhunan Malkohi sun fi wanda ta gwada.

Ta kai lomar baki. Ta cinye tuwon duka, saboda mahaifiyarta tana kallo.

*

Bayan makonni uku Mama Keturah ta kira ta a waya, ta ce babanta ba ya cin abinci sosai, ta zo.

A gona ta same shi. Kunyoyin suna nan a miƙe kamar an ja su da igiya, aikin mutumin da ya san noma. Amma tsiron jefi-jefi ne, ɗaya a nan, sai an yi taku da yawa kafin a ga wani, shi ma rawaya-rawaya. Ciyawa ce ta cike sauran. Gonakin da ke kewaye duk haka suke, har inda ido ya kai.

Wata mata tana tsaye a kansa, ta ɗaure ƙugu da gyale. Huseina ce, 'yar Madagali, wadda aka kashe mijinta a hanyar gudu, take noma ita kaɗai da 'ya'ya biyar.

"Kai ka zo har ƙofata, Baba Hosea. Ni na kira ka? Na ce maka zan haɗa da nawa, ka ce kada in haɗa. Na sayar da nawa na biya hayar gona. Yanzu mai gona zai ce in ba shi ciyawa ne?"

"Ki yi haƙuri, Huseina."

"Haƙuri ake tuƙawa a tukunya?" Ta juyo ta ga Jemimah, ta dube ta tun daga takalmi har jaka. "A'a, ga Madam ɗin da kanta. Sannu da zuwa, Madam. Sannu da aiki."

"Ba ruwanta," in ji Baba Hosea da sauri. "Su a ofis takarda suke gani. Ni ne na yi baki da yawa. Da ni za ki yi."

Huseina ta yi tsaki, ta kwance gyalenta ta sake ɗaurewa, ta wuce.

Suka rage su biyu. Baba Hosea ya durƙusa, ya tona rami ɗaya da yatsa, ya fito da ƙwayoyi uku. Sun kumbura sun ruɓe, jan ya koɗe. Ya tona na gaba, haka. Ya riƙe su a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

"Na zargi tsuntsu," in ji shi. "Na zargi ɓera. Na ce ko hannuna ne ya tsufa, na zurfafa rami. Sai na tona." Ya murza ɗaya, ta narke a yatsunsa. "Wannan ba ta mutu a gonata ba, Kuve. Matacciya aka kawo ta."

Ta dubi ƙwayoyin da ke hannunsa.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Kin gan shi da idonki kafin a kawo?"

Iska tana kaɗa ciyawa. Daga nesa ana jin wani yana kiran awaki.

"Samfur na gwada, Baba. Ya tsiro kusan duka. Akwai hotonsa."

Kowace kalma a ciki gaskiya ce. Ya ɗaga kai ya dube ta. Shi ya koya mata, tun tana ƙarama, yadda ake gane masarar shuka da ta ci da ido kawai. Ya san ya koya mata.

"To," in ji shi. Ya share hannunsa a wando, ya ɗauki fartanya.

Ta ce za ta nemo masa wani iri a kasuwa gobe. Ya ce lokacin masara ya wuce, sai dai wake, in an samu. Ta aiko da waken ranar Talata. Mama Keturah ta ce ya raba shi uku, ya kai wa Huseina kashi biyu.

*

A watan Takwas masu ba da kuɗin suka nemi rahoto, da hoton manomi a cikin gonarsa. Oga Albert ya aika direba ya zagaya Malkohi ya gano inda ya fi kore. Direban ya dawo ya ce gona ɗaya ce tak, ta wani Malam Mika'ilu. Ranar rabo mutumin ya tafi jana'iza Girei, bai samu buhu ba, dole ya shuka tsohon irinsa. Masararsa ta fi mutum tsayi.

"Shi ke nan, an samu gona," in ji Oga Albert. "Amma shi ba ya cikin waɗanda suka amfana, ba za a sa sunansa ba. Muna buƙatar wanda ya karɓa, mai fuska, mai iya magana." Ya dubi Jemimah. "An ce babanki dattijon coci ne."

"Oga, a nemi wani."

"Wa? Ki kawo min wanda ba zai zage mu a gaban kyamara ba. Takardar ƙarin girmanki tana kan teburin shugaba, ranar Litinin zai sa hannu. Rahoton nan shi ne abu na ƙarshe."

Ba ta iya kiran mahaifinta ba. Sai ta kira Mama Keturah, ta yi mata bayani a gajarce, ta ce in bai yarda ba a bar shi. Da yamma amsa ta zo: ya ce ƙarfe nawa.

Suka isa da hantsi a farar mota, da mai ɗaukar hoto da aka ɗauko daga Jimeta. Baba Hosea yana jiransu a bakin gonar Malam Mika'ilu, sanye da rigarsa ta zuwa coci, an goge ta da dutsen guga na gawayi. Malam Mika'ilu yana tsaye a gefe da carbi. Ya ce shi ba don ƙungiya ya yarda ba, don Hosea ne, maƙwabcinsa na shekara tara. Mata da yara sun taru daga nesa. Huseina tana cikinsu, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"Baba, sannu da ƙoƙari," in ji Oga Albert, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Ka haifi 'ya. Wata rana ita za ta riƙe ofishin nan duka."

"Allah Ya sa," in ji Baba Hosea.

Mai hoton ya shigar da shi tsakiyar masarar, ya gyara masa wuyan riga, ya ce ya kama goyo ɗaya. Sai ya ce ana buƙatar buhun irin ya fito a hoton. Aka ɗauko wani fanko daga mota.

"Madam, zo ki riƙe masa gefe ɗaya. Uba da 'ya, zai yi kyau sosai."

Ta shiga. Ganyen masarar yana kartar hannunta. Ta kama gefen buhun, mahaifinta ya kama ɗayan. Tun isowarsu bai dube ta ba.

"Baba, za ka ce, wannan iri ya canza rayuwata. A hankali, kana kallon nan."

Ya faɗa.

"Murya ta yi ƙasa, Baba. A sake. Da murmushi."

Ya sake, da murmushi. Aka ɗauka sau huɗu kafin mai hoton ya gamsu. Daga cikin matan wata ta yi dariya gajeriya, ba ta daɗi ba.

Da aka gama, Baba Hosea ya saki gefensa na buhun, ya bar mata shi a hannu. Ya yi wa Malam Mika'ilu godiya, ya yi wa Oga Albert sallama. Da ya zo wucewa ta gabanta ya ɗan tsaya, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ya isa, ko akwai saura?"

"Ya isa, Baba."

"To, a gaida ofis."

Motar ta juya a hankali saboda laka. Oga Albert yana duba hotunan a kyamara, yana cewa hasken ya yi daidai. Jemimah tana zaune a baya, buhun a ninke a kan cinyarta. Hanyar ta bi ta gefen gonar mahaifinta. Ta gan shi ya tuɓe rigar cocin, ya ninke ta da kyau, ya ɗora a kan kututture don kada ta yi datti. Sannan ya sunkuya cikin ciyawa, yana buɗa ta da hannu, yana neman inda waken ya fito.